Kurmin Ngel Nyaki da Abin da Na Gani a Bakinsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, idan aka ce masa daji, abin da yake zuwa masa a rai shi ne fili mai sabara da kalgo da geza, ga kuka can, ga kaɗanya can, har mutum yana iya hango mai tahowa tun yana ɗan mitsitsi a nesa. Da wannan hoton na girma, kuma ko kalmar kurmi, wadda muka saba ji a tatsuniya, ban taɓa sanin nauyinta ba sai ranar da na tsaya a bakin Ngel Nyaki, a kan tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, na leƙa ƙasa na ga duhun itatuwa ya cika kwari kamar an zuba shi da masaki. An daɗe ana ba ni labarin wurin, amma gani ya kori ji.

Tafiyar kanta aiki ce. Daga Jalingo ake bi ta Bali zuwa Serti, garin da ofishin Gandun Dajin Gashaka Gumti yake, sannan a wuce Mayo Selbe, inda mota take fara hawan dutse a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa, zafin kwari yana raguwa a hankali, har a kai Maisamari mutum ya fara laluben rigar sanyi a jakarsa. A watan Janairu muka je, hunturu yana kaɗawa. Abin da ya fara ba ni mamaki a saman tsaunin shi ne rashin itatuwa, domin iyakar ganinka tuddai ne masu santsi lulluɓe da ciyawa, garken shanu a nan da can, sai kuma jerin bishiyoyin turare da aka shuka kusa da gidaje don katako da makamashi. Wanda bai sani ba zai rantse babu wani kurmi a wannan ƙasa. Daga ƙauyen Yelwa ake sauka a kama tafiyar ƙasa, a haura tudu a gangara, sai kawai ƙasar ta yanke a gabanka, kurmin ya bayyana a jikin gangaren yamma na tsaunin, inda tsayin wurin daga teku yake tsakanin mita 1,400 da 1,600.

A watan Afrilun 1969 Hukumar En'e ta Gashaka da Mambila ta keɓe wannan wuri a matsayin gandun daji. Na daɗe ina juya wannan shekara a raina, domin lokaci ne da ƙasar nan take tsakiyar yaƙin basasa, amma duk da haka aka samu waɗanda suka zauna suka shata iyaka don kare wani kurmi da yawancin 'yan Najeriya ba su taɓa jin sunansa ba. Faɗin gandun murabba'in kilomita 46 ne a takarda, sai dai mafi yawansa ciyawa ce da sarƙaƙiya, ainihin kurmin mai rufaffen sama kuwa bai wuce murabba'in kilomita 7 da 'yan kai ba, idan aka haɗa shi da maƙwabcinsa Kurmin Danko. In aka gwada shi da Gashaka Gumti, wanda ya haura murabba'in kilomita 6,000, tamkar ɗigon tawada ne a kan allo. Amma shi ne mafi girman abin da ya rage na irin wannan kurmi a kan Mambila, kuma abin da ya cece shi tun farko, kafin wata doka, shi ne tsananin gangaren da yake kai, inda fartanya da zarto ba su samun wurin tsayawa.

Wani dattijo ɗan yankin, wanda ya shekara da shekaru yana aiki da masu bincike a wurin, shi ya yi mini jagora. Kafin mu shiga ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, cusa bakin wandon nan a cikin safa." Na ce, "Baba, ai ba ruwa za mu tsallaka ba." Ya yi murmushi bai ƙara cewa komai ba. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba na tsaya ina kallon sama, ashe a kan ayarin kwarkwasa na ɗora ƙafa, kuma kafin in ankara sun kai mini gwiwa. Rawar da na taka a wurin ba ta da kiɗa. Dattijon ya jira har na gama kakkaɓewa, sannan ya ce, "A kurmi ƙasa ake fara dubawa, saman ba ya gudu."

Shiga kurmin kamar shiga soro ne da tsakar rana. Taku goma kacal daga bakin ciyawa, iskar hunturu ta ɗauke, hasken ya koma kore-kore, ƙurar da ta bushe mini hanci tun daga Jalingo ta ba da wuri ga ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Ƙasa tana nutsewa ƙarƙashin takalmi saboda ganyen da ya yi shekaru yana taruwa. Ruwan sama a nan yana kai wa wajen milimita 1,800 a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba, sannan rani ya biyo baya na wata huɗu zuwa biyar, kuma wannan dogon rani shi ya bambanta Ngel Nyaki da kurmin kudu mai ruwa kusan kullum. Itatuwan nan sun saba da sanyi da hazo, sun kuma saba da jure ƙishi, shi ya sa masana suke kiransa busasshen kurmin tsauni, irin da ba kasafai ake samu ba a Afirka ta Yamma.

Bishiyar farko da dattijon ya tsayar da ni a gindinta ita ce wadda masana tsirrai suke kira Entandrophragma angolense. Sunan yana da nauyi a baki, amma da ya ɓantaro ɗan ɓawo ya ce in ɗanɗana, nan take na gane danginta, domin ɗacin maɗaci ne sak. Gida ɗaya suke da maɗaci da darbejiya. Bambancin shi ne girma: gangar jikinta ta miƙe sumul ba reshe ko ɗaya har inda wuya yake gajiya da ɗagawa, kuma irinta takan kai mita 40 zuwa 50. A gindinta saiwoyi sun fito kamar katangu, faffaɗa masu kaifin baya, har mutum zai iya tsayawa tsakanin biyu ya ɓace wa wanda ke ɗaya gefen. Waɗannan katangu su suke riƙe ta a ƙasa marar zurfi idan guguwar damina ta taso. 'Ya'yanta kwanso ne mai tauri da yake tsagewa gida biyar, ya saki iri masu fiffike su sauko suna juyawa a iska. Katakonta ja ne mai daraja, kuma wannan darajar ce ta jawo mata bala'i a ƙasashe da dama, har ta shiga kundin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu a duniya.

Ba ita kaɗai ce ta taɓa shiga wannan kundi ba daga cikin itatuwan Ngel Nyaki. Akwai 'yar'uwarta Lovoa trichilioides, wadda kafintocin Turai suke so saboda katakonta mai ruwan ƙasa da zane baƙi-baƙi, akwai Millettia conraui daga dangin wake da ɗorawa, akwai kuma Pouteria altissima, doguwa ƙwarai, wadda take gida ɗaya da kaɗanya da agwaluma, kuma idan aka ji mata rauni farin ƙaro take zubarwa kamar yadda kaɗanya take yi. Na ji daɗin wannan zumunci da na yi ta ganowa, domin ya rage mini baƙunta, kamar mutum ya je garin da bai san kowa ba sai ya tarar duk manyan garin 'yan'uwan kakarsa ne. Har bishiyar da ta fi yawa a ƙarƙashin manyan, Garcinia smeathmannii, 'yar ɗakin namijin goro ce. A bakin rafuffuka kuma ga malmo, wanda ba ya bukatar a gabatar da shi ga Bahaushe.

Wadda ta fi ɗaure wa masana kai ita ce Anthonotha noldeae. An san ta a tsaunukan Afirka ta Tsakiya da ta Gabas, nisan dubban kilomita daga nan, kuma ganinta a Ngel Nyaki shi ne karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka ta Yamma. Tambayar da take biyo baya ita ce ta yaya ta zo, alhali tsakanin Mambila da waɗancan tsaunuka akwai ƙasa mai zafi wadda irin wannan bishiya ba ta rayuwa a cikinta. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, yanayin duniya ya sha sauyawa cikin dubban shekaru, akwai zamunnan da sanyi ya sauko ƙasa-ƙasa har itatuwan tsauni suka bazu suka kusanci juna, da zafi ya dawo sai suka ja da baya suka maƙale a kan tuddai, kowane rukuni shi kaɗai kamar tsibiri. Mambila wani yanki ne na jerin tsaunukan da suka taso daga Dutsen Kamaru a bakin teku suka bi ta Bamenda, kuma Chappal Waddi, ƙololuwa mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, yana cikin wannan jeri. Saboda haka bishiyar da na dafa a wannan rana shaida ce ta wani zamani da babu wanda ya rubuta tarihinsa. Abin da ake nufi da tsohon kurmi ke nan. Shekarun kowace bishiya ɗaya ba su ne ma'aunin ba, ma'aunin shi ne daɗewar da wurin ya yi yana kurmi ba tare da an share shi ba, tsohuwa tana faɗuwa ƙarama tana maye gurbinta.

Ƙananan tsirran su ne mutum yake wucewa bai lura ba. A kan rassan manyan itatuwa akwai wani lambu na daban: gansakuka mai laushi, da tsirrai masu ganye kamar gashin tsuntsu, da wasu zare-zare masu ruwan toka da suke reto kamar gemun tsoho, da furannin da ake kira okid, waɗanda suke rayuwa a sama ba tare da saiwarsu ta taɓa ƙasa ba. Da na gan su na ce wa dattijon kauci ne. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, Malam. Kauci ɓarawo ne, jinin bishiya yake sha. Waɗannan 'yan haya ne, wurin zama kawai suka nema, abincinsu daga hazo da ruɓaɓɓen ganye yake." Irin waɗannan tsirrai su ne suke fara mutuwa idan kurmi ya buɗe iska mai bushewa ta shiga, kuma su ne suka fi jinkirin dawowa. Akwai kuma dangin ɓaure da ceɗiya, waɗanda tsuntsu yake kashayar da irinsu a kan reshen wata bishiya, su tsiro a can su sauko da saiwoyi, su nannaɗe mai masaukin har ta mutu ta ruɓe a bar su tsaye da rami a ciki. Mugunta ce a ido, amma su ne rumbun kurmin, domin ba lokaci ɗaya suke 'ya'ya ba, kuma a watannin da sauran itatuwa ba su da komai, su suke ciyar da birai da tsuntsaye da jemagu.

A nan ne na fahimci abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, wato cewa dabbobi ne manoman wannan kurmi. Iska tana ɗaukar iri mai fiffike, amma yawancin itatuwan nan 'ya'ya masu tsoka suke yi, kuma irinsu ba ya zuwa ko'ina sai wani ya haɗiye shi ko ya ɗauke shi. Idan ya faɗi a gindin uwarsa, ƙwari da ruɓa da inuwa sukan gama da shi. Birai masu farin hanci da kirka da bika suna ci suna yawo suna zubarwa. Akwai kuma birin cimfanzi, na irin da ba a samunsa ko'ina a duniya sai Najeriya da Kamaru, wanda ɗan ƙaramin garkensa da bai kai ashirin ba yake zaune a Ngel Nyaki, kuma shi ne mai babban maƙogwaron da yake iya haɗiye manyan ƙwallaye irin na dangin ciwo ya kai su nesa. Ban gan su ba, kuma dattijon ya ce kada in sa rai, amma ya nuna mini sheƙar da suka kwana a ciki, rassa da aka lanƙwasa aka saƙa can sama, ya kuma nuna mini wani tsinke mai tattaunannen baki kusa da wani rami, irin wanda suke zura wa gidan tururuwa ko na ƙananan ƙudan zuma marasa harbi.

Wanda ban taɓa tsammanin zan ji an yaba masa ba shi ne gafiya. A gida ɓarauniya muka san ta, mai haƙa rami ƙarƙashin rumbu, yara suna bin ta da sanda da hayaƙi. A nan kuwa akwai wata bishiya, Carapa oreophila, ita ma 'yar gidan maɗaci, mai manyan ƙwallaye masu kusurwa da mai mai ɗaci, waɗanda suka fi ƙarfin bakin tsuntsu da na yawancin birai. Gafiya ce take kwashe su da dare a kumatunta, ta ci wasu, ta binne wasu ɗaya-ɗaya a wurare dabam-dabam don gaba, kuma waɗanda ta manta ko ta mutu ta bari su ne suke tsirowa. Masu bincike sun bi diddigin wannan ta hanyar ɗaura wa ƙwallayen dogon zare, da safe su bi zaren su ga inda aka kai su. Ƙwallon wannan bishiya ba kamar gero ba ne da za a adana shekara guda a shuka. Da ya bushe ya mutu, don haka binnewar da gafiya take yi masa ita ce ceton ransa. Na yi dariya na ce, "Baba, ashe ɓarawon wani gari liman ne a wani." Ya ce, "Shi ya sa mai ɗana tarkon waya a nan ya fi mai gatari ɓarna, don ba a ganin tasa sai bayan shekara talatin."

Na yi ta tunanin wannan magana. Kurmin da aka kashe dabbobinsa zai ci gaba da tsayawa kore shar, duk wanda ya hango shi daga tudu zai ce lafiya lau yake, alhali haihuwa ta tsaya a cikinsa, tsofaffi ne kawai suke jiran ranarsu. Kuma wannan ne ya sa nake jin wani iri idan na ji jami'i yana alfahari da yawan dashen da aka yi a bikin shuka bishiyoyi kamar an biya diyyar dajin da aka sare. Dashe abu ne mai kyau, ba na raina shi, kuma bishiyoyin turaren da suka cika Mambila sun rage wa kurmi nauyin masu neman itace da katako. Amma na shiga gonar turare a Yelwa washegari, ƙasanta fayau, ba tsiro, ba kukan tsuntsu, sai busasshen ganye mai ƙamshin man shafawa. Ana iya samar da ita cikin shekara goma. Abin da yake Ngel Nyaki kuwa babu gwamnatin da take da kuɗin sayensa idan ya tafi.

Sanin da ake da shi game da wurin ya samo asali ne daga wani masanin gandun daji, J. D. Chapman, wanda ya zaga kurman tsaunukan wannan yanki a shekarun 1970 yana tattara tsirrai yana rubuta abin da ya gani. A 2002 'yarsa, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke ƙasar Niyu Zilan, ta dawo ta bi sawunsa don ganin abin da ya sauya cikin shekara talatin, kuma daga wannan tafiya aka kafa shirin binciken kurman tsaunukan Najeriya, wanda yake da tashar bincike a bakin Ngel Nyaki, inda ɗalibai daga jami'o'in Najeriya da na waje suke zuwa, mutanen Yelwa da kewaye kuma suke aiki a matsayin mataimaka. A 2014, da tallafin Janar Theophilus Danjuma, wanda ɗan Taraba ne, aka shata wani fili mai hekta 20 da ɗoriya a cikin kurmin, aka shigar da shi cikin jerin filayen sa ido na duniya da cibiyar Smithsonian ta Amurka take jagoranta. A cikin wannan fili, duk tsiron da kaurinsa ya kai santimita 1 an auna shi, an gano irinsa, an sa shi a taswira, an ɗaura masa 'yar lamba ta ƙarfe. Ƙidayar farko ta haura tsirrai 40,000 daga iri fiye da 100. Idan mutum yana tafiya a wurin sai ya riƙa ganin lambobin suna ƙyalli a duhu, kowane ɗan tsiro da katin shaidarsa, kuma za a riƙa dawowa ana sake aunawa don a san wanda ya girma, wanda ya mutu, da wanda ya shigo sabo.

Da yamma dattijon ya fito da ni ta wani gefe, ya ce akwai abin da ya kamata in gani kafin in tafi. Bakin kurmin ne, inda ciyawa take haɗuwa da itatuwa. An sa wa tudun wuta kwana biyu ko uku da suka wuce, ƙasa baƙi ƙirin, toka tana tashi a duk taku, kuma wutar ta lasa cikin kurmin kamar taku biyar ko shida kafin danshi ya kashe ta. Manyan itatuwan suna nan tsaye, sai dai ɓawonsu ya babbake ta gefe ɗaya, domin ba su da kaurin fata irin na kaɗanya ko taura da suka saba da gobarar daji. Ƙananan tsirran da suke ƙasa kuwa duk sun ƙone ƙurmus. Ga kuma sawun kofato da kashin shanu sun shiga ciki, inda dabbobi suke bi neman inuwa da ruwa, suna tattake abin da wuta ta bari. Ya ce haka ake yi kowace shekara, taku biyar bana, taku biyar baɗi, babu wanda zai ce ga ranar da aka cinye kurmin. Ƙananan kurman da suke bin bakin rafuffuka a wajen gandun sun fi shan wahala, wasu sun zama layin itatuwa guda ɗaya tal.

Ba zan zauna a nan in zagi makiyayi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya jawo shanu Mambila cikin ƙarni na 20 sananne ne: ciyawa mai yawa, ruwa, da sanyin da ya hana ƙudan tsando mai kawo sammore zama. Mai shanu yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don sabon toho ya fito a lokacin da dabbobinsa suka rame, kuma abin da ya gada ke nan. Manomi ma yana neman ƙasa mai taki, kuma babu wadda ta kai ta kurmi. Matsalar ita ce mutane da dabbobi sun ninka, tsaunin kuwa bai ƙaru ba. Abin da nake ganin laifi a kansa shi ne a shata gandu a takarda, a bar 'yan tsirarun masu gadi ba kayan aiki, sannan a yi mamaki idan iyaka ta motsa. Wanda ya ga yadda aka kwashe madobiya daga dazuzzukan Taraba na ƙasa a 'yan shekarun baya, tirela bayan tirela zuwa tashar jirgin ruwa don kasuwar Sin, har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar taƙaita cinikin tsirrai da dabbobi ta duniya a 2017, ya san cewa idan kasuwa ta ƙyalla ido a kan bishiya, doka ita kaɗai ba ta tare ta. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga irin haka da Prunus africana, bishiyar tsauni da ake samu har a Mambila, wadda ake saye ɓawonta don haɗa maganin kumburin mafitsarar maza. An yi ta feɗe ta tana tsaye har ta riƙa bushewa, sai da Tarayyar Turai ta dakatar da sayenta daga can a 2007.

Kusa da wurin da ya ƙone, dattijon ya kai ni wani yanki da aka kewaye da waya shekaru da suka wuce, aka share masa hanyar tare wuta, aka hana shanu shiga. A da ciyawa ce zalla kamar sauran tudun. Yanzu sarƙaƙiya ta tashi ta fi tsayina, ƙananan itatuwa masu son rana sun yi rumfa, tsuntsaye suna sauka a kansu suna kashayar da irin da suka ci a cikin kurmi, kuma a ƙarƙashin wannan rumfa aka dasa tsirran manyan itatuwa da aka raino a gandun renon tashar. Aikin yana tafiyar hawainiya, ciyawar tana kokawa da duk abin da aka dasa, kuma gobara ɗaya ta ganganci tana iya mayar da aikin shekara goma toka cikin sa'a guda. Ya durƙusa ya buɗe ciyawa da hannu biyu, ya nuna mini wani tsiro da bai kai gwiwata ba, mai ganye shida ko bakwai masu sheƙi. Ya ce ɗiyar waccan doguwar ce da na ɗanɗani ɓawonta da safe, kuma shi da kansa ya tsinto irin. Na tambaye shi yaushe za ta kai uwarta. Ya ce, "Malam, ni da kai da 'ya'yanmu duk ba ma nan." Ya mayar da ciyawar ya rufe ta saboda rana, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce mu yi sauri mu haura tudu kafin sanyin magariba ya sauko.